Ba Tuwonta Na Ƙi Ba

Na sha wahala a shekaru biyun nan, kuma wahalar banza, irin wadda ba ka da inda za ka kai kukanta. Da ƙafa ce ta karye, da an ɗaure, mutane sun zo sannu. Ni abinci ne ya gagare ni. Namiji da furfura a gemu da 'ya'ya biyar, a ce bai san yadda ake cin tuwo ba. Har matata sai da ta bar gidana a kan wannan. Kuma har yau in aka ce in faɗi abin da ya same ni, sai in tsaya ina kallon mai tambayar.

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Gwandu. Boko aji uku na yi na gudu, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Da rani ba na zama. Daga fadamar Dalijan a kira ni Masama, wani lokaci har Kalgo, garin su matata, in bi ta Birnin Kebbi a kan babur da jakar sifanu a baya. Inji in ya ƙi tashi na san inda zan taɓa. Ko fulogi ne, ko kafireta ta sha datti, ko ruwa ya shiga mai. Da jikin mutum haka yake da ban rubuta wannan ba.

Abin ya fara ne da rasuwar wana. Ciwon suga ne. Kafin ya cika sai da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa, kuma ni na yi jinyarsa, ni nake ɗaga shi in sauke. Bayan sadakar arba'in na je aka gwada ni. Ma'aikacin ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan abu, ya ce ban kai ba tukuna amma ina bakin hanya. Ya nuna cikina da biro ya ce in rage ci. Ya faɗi wasu abubuwan da yawa, har da ganye da tafiyar ƙasa, amma ni ƙafar wana nake gani. Rage ci kawai na fito da shi.

Ni dama ƙato ne. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara Rumbu yake ce mini, wai duk abin da aka zuba sai ya shige. Ban taɓa jin haushi ba sai a shekarar.

A layinmu muna ciyayya. Mu shida ne magidanta. Bayan sallar magariba kowa a fito da kwanonsa ƙofar gidan dattijon layin, a shimfiɗa tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Tun ina saurayi na tarar ana yi. Kuma akwai ƙa'ida wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki: mai kwano shi ke buɗe kwanonsa, shi ke fara sa hannu, sannan saura su bi. Kwanon gidana kuwa ba ya kwana. Matata ta iya miya. Ko kuka ce tsura ta kaɗa, sai ka ga an bar mai nama an dawo kanta.

Da farko loma biyar nake yi in wanke hannu. Sai ta koma biyu. Taubashina ya sa ni gaba, wai Rumbu ya tsage. Da surutu ya yi yawa sai na fake da azumi. Litinin da Alhamis, wannan ba wanda zai ce don me. Sai na ƙara da Talata, na ƙara da Asabar. In an kira magariba in ci dabino ɗaya in sha ruwa, in fito in zauna a bakin tabarma in ce na sha fura a ciki. Mutane suka fara ce mini Malam da wata irin murya. Ni kuwa na san ba don Allah nake yi ba, ko in ce ban san don wa nake yi ba. Da farko tsoron wuƙar likita ne. Daga baya ko tuna sugan ba na yi. Wani daɗi nake ji in cikina ya zama wayam, in ji kaina sakayau, in ƙara jan mazagin wando. In na kwana biyu ban ci ba sai in ji na fi kowa a layin. In kalli maza suna tura loma, in ji tausayinsu. Wallahi haka nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ranar da abin ya juye, ina fadamar Masama, kwanana huɗu ba abin da ya shiga cikina sai ruwa da dabino. Ina kwance kafireta, noti ya suɓuce ya faɗa taɓo, na yi ta lalube. Aka kawo wa mai gonar abincin rana, ɗatun rama da ƙwaryar fura. Ya ce bismilla. Na ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "A'a, ba a gyara muna inji a tahi da yunwa. Ko loma guda."

Na yi loma guda don ya ƙyale ni. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dai ga kwanon ya koma fari, na ga ƙwaryar a bakina na kafa kai. Mutumin da farko dariya yake, yana cewa aikin inji akwai cin rai. Daga baya ya daina dariyar. Abincinsa ne da na ƙanensa, na rana guda cur, kuma ko yatsa ba su sa ba.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Na hau babur, na tsaya wurin mai masa na sa aka cika leda. Gaba kaɗan na tsaya wurin mai shinkafa da wake na ce a zuba na mutum biyu, wai ni da abokin aikina. Ba ni da wani abokin aiki. Na sauka daga titi na sami gindin mangwaro, na ba hanya baya kamar mai fitsari, na ci. Ban ji gishiri ba ban ji yaji ba. Ba yunwa ba ce kuma, don yunwar ta mutu tun a gona. Hannu ne kawai yake kaiwa, baki yana karɓa, ni ina gefe ina kallo. Da ya ƙare na kwanta a ƙasa ina nishi, cikina kamar zai fashe. Na yi amai. Na zauna ina zagin kaina da zagin da ko maƙiyina ban taɓa yi wa ba. Na yi rantsuwa daga gobe ba ci, sai na biya abin da na ci yau.

To haka ta zauna. Kwana biyu, uku, wani lokaci huɗu ba ci, sai rana guda a hanya abin ya taso. In ci kamar za a ƙwace, in kwanta gindin itace, in rantse, in sake. Na san kowace mai abinci daga Gwandu har Kalgo, kuma ba na tsayawa wurin mace ɗaya sau biyu a jere don kada ta gane ni. Can baya da na koma asibiti, wata ma'aikaciya ta ce mini wannan cuta ce sananniya, har suna gare ta da Turanci, kuma hana cikin da nake yi shi ke kiran cin. Ta ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci ko ban so ba. Sunan ban riƙe ba. Maganar tata na yarda da rabi, rabin har yanzu ina juya shi. Amma a lokacin da nake ba da labari ba wanda ya gaya mini komai, ni ma ban gaya wa kowa ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, a duk wannan juyin ba inda tuwon matata yake shiga. In ina kwanakin rantsuwa, ba zan ci ba. In ranar ci ce, kafin in iso gida na cika har wuya. A gida kuwa cin haukan bai taɓa taso mini ba, ko kunyar 'ya'ya ce, oho. Kullum dai in an ajiye kwanona a tabarma sai in buɗe in tura tsakiya in naɗe hannu.

Sati na farko 'yan ciyayya suka ci. Na biyu suka ɗan taɓa. Daga nan sai na ga ana tsallake shi. A ci na dattijo, a ci na tela, a ci na taubashina, a zo kan nawa sai kowa ya tashi neman ruwan wanke hannu. Kwano ya koma ciki yadda ya fito, da malmalarsa ko ɓantara babu. Ni a wautata har daɗi na ji, na ce yara sun samu ɗumame.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Sai ta shiga canje-canje. Ta bar kuka ta koma kuɓewa. Ta bar tuwon dawa ta koma na shinkafa. Ta sayar da zakaranta ta sa nama. Wata rana na ji ta tana ce wa babbar 'yarmu, "Ɗanɗana ki ji, ko bakina ne ya mutu?" Na ji, na wuce.

Taubashina ne ya tare ni bayan la'asar a bakin masallaci.

"Kai Rumbu, tsaya. Wai mi kake tsoro cikin kwanon nan naka?"

Na ce, "Tsoron mi?"

"To mu dai mun ga mai kwano ba ya sa hannu. Cewa ake ka ga wani abu. Wai barbaɗe anka yi maka ka gane, shi ya sa. Kai ka ƙi ci, mu kuma ka turo muna mu mutu a madadinka?"

Na yi dariya, na ce azumi ne.

Ya ce, "Azumi bayan magariba? Wane malami ya ba ka wanga? Nuna mani shi in je in karɓo na asuba." Sai ya daina dariya. "Ba wasa nake ba. Maganar ta shiga cikin gidaje. Matarka baiwar Allah ba ta cancanci wannan gare ka ba."

Ranar na fito da niyya. Na ce loma biyu kawai zan yi a gabansu, maganar ta mutu. Na buɗe kwano, tuwon shinkafa ne yana tururi. Na wanke hannu, kowa yana satar kallona. Na kai hannu har na ji zafin tuwon a yatsuna. Kwanana biyu ke nan ba ci, kuma na san halina. Na san in loma ɗaya ta wuce, sai na share nawa na share na mutum biyar ɗin nan a gabansu, kamar yadda na yi wa mai gonar Masama. Sai na janye hannun na goge a gwiwa. Dattijo ya yi gyaran murya ya jawo nasa kwanon. Da na san abin da janye hannun nan zai zama, da na bari sun ga haukan.

Bayan kwana kaɗan aiki ya kai ni Wurogauri, a dawowa na ratsa kasuwar Kalgo, abin ya taso mini a nan. Da hankalina ba zan yi a garin surukai ba, amma in ya taso ba ya tambayar gari. Na ci soyayyen kifi, na ci shinkafa, na koma bayan wata rumfa da ledar masa. Ashe wan matata yana tsallaken hanya wurin masu buhuna, ya gan ni tun daga kifin har masar. Ni ban gan shi ba. Shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, mutum ne mai kaifi. Ya kira ƙanwarsa a waya.

Ba ta ce komai ba sai da aka kwana biyu. Na dawo daga Dalijan da la'asar, ranar ma na yi cin a hanya, ina zaune a ɗaki ina jin numfashina da ƙyar. Sai ga ta da kwano da kanta. Ta ajiye a gabana, ta zauna, ta buɗe.

Ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu nake dafa maka. Mi ka gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

"To mi anka gaya maka?"

"Ba a gaya mani komai ba."

"Matan layin nan sun daina aiko ɗiyansu karɓar miya gidanga. Shekaranjiya na aika wa maƙwabciya da ɗanwake, da idona na ga ta zuba wa awaki. Ni ce yau ake kauce wa a gidan suna."

Ta gutsuri tuwon ta dangwali miya ta ci. Ta sake. Sannan ta ɗaga murya ta kira autarmu, yarinya 'yar shekara biyar, ta zaunar da ita a cinya ta ba ta a baki. Yarinyar tana ci tana kallona.

"In akwai wani abu ciki, ga ni ga ɗiyarka. To ci."

Na dubi tuwon. Masa da wake suna nan tsaye a maƙogwarona, ko ruwa ba shi da wurin shiga. Sai na ce, "Na ƙoshi." A duk ƙaryar da na yi mata a shekarar, ranar ce kaɗai na faɗi gaskiya, kuma ita ce ta fi muni.

Ta ce, "Awo. A Kalgo ma ka ƙoshi, Yaya ya gani. Na kowa yana ciwuwa, har na bayan rumfa. Nawa ne dai."

Ta rufe kwanon a hankali ta fita. Na buɗe baki in kira ta. To in ce mata me? In ce ina cin na mutum huɗu a gindin itace ina kuka? Ban taɓa jin namijin da ya faɗi haka ba. Washegari ina fadama ta ɗauki autar ta hau mota zuwa Kalgo.

Kwana shida ban bi ta ba. Babbar 'yarmu ta karɓi tukunya, ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Na daina fita ciyayya. Na ce tunda ci ne ya jawo, to na bar shi gaba ɗaya, kamar wannan zai dawo da ita. Ka ji tunanin. Kwana ukun ƙarshe ko dabinon ban taɓa ba. In na miƙe sai ƙasa ta juya.

Rana ta bakwai taubashina ya shigo har tsakar gida ba sallama.

"Tashi mu tahi biko. In kai ba ka da kunya ni ina da ita. Kuma ni zan tuƙa, don na ga iska na neman ɗaukar Rumbu."

Mun isa Kalgo bayan azahar. Wanta ya karɓe mu a zaure, ya ba taubashina hannu, ni ya ba ni 'yan yatsu. Aka gaisa, aka yi tambayar gida da ruwa da aiki. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Mu gidanmu ba a san mu da bin bokaye ba. Uwarmu ta yi shekara arba'in gidan miji ba wanda ya taɓa jin tsoron tukunyarta. In ka gaji da ƙanwata ka faɗi, ɗakinta na nan. Amma a ce ta zuba maka magani?"

Na ce, "Yaya, ni ban taɓa cewa haka ba."

"Ba ka ce da baki ba. Ka ce da hannu, gaban maza biyar, wata da watanni."

Taubashina ya shiga ba da haƙuri, yana cewa sharrin shaiɗan ne, zama tare ya gaji haka. Ana cikin haka aka turo babban kwano daga cikin gida, da ƙwaryar fura. Wan ya buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar sure da kifi. Tun daga ƙamshin na san hannun.

Ya ce, "Ita ta dafa. Bismilla. Kai za ka fara."

Kowa ya san yadda ake ci gaban suruki. Ka taɓa kaɗan, ka sunkuyar da kai, ka ce alhamdu lillahi ko da yunwa na kashe ka. Na ce a raina loma uku. Na ƙirga ta ɗaya. Na ƙirga ta biyu. Ta ukun ban san inda ta wuce ba.

Na ji taubashina yana cewa, "A hankali Rumbu, ba gudu zai yi ba." Ya yi 'yar dariya don a ɗauka wasa ne. Na ci gefena, na shiga gefensa, na shiga gefen mai gidan. Miya tana bin hannuna har gwiwar hannu, ƙayar kifi ta soke ni a dasashi ban tsaya ba. Taubashina ya kama wuyan hannuna, na fizge. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli mutumin nan sosai ba don kunya, ga ni ina suɗe kwano a zaurensa. Tuwon mutum uku. Da ya ƙare na jawo ƙwaryar furar na shanye, tana zuba a rigata.

Na ajiye ƙwaryar. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

Na ce, "To kun gani. Wannan shi ne." Na nuna kwanon. "Ko in ƙi ci sam, ko in ci haka. Tsakiyar ta ɓace mani. Abin da ka gani a kasuwa, Yaya, haka nake yi a hanya duk bayan kwana uku, a ɓoye, in yi amai in rantse ba ni ƙarawa. In na zo gida ko na cika ko ina cikin rantsuwa. Tsoro nake in sa hannu a kwanonta gaban mutane su ga wannan."

Wan ya daɗe yana kallon kwanon. Kaifin nan duk ya sauka, sai ya koma kamar wanda aka ba wa lissafin da ya fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Ko iska ce ta taɓa ka a fadama?"

Taubashina ya ce, "Ko tsutsar ciki. Akwai wadda ke cinye abincin mutum."

"Tsutsa ta hana mutum ci kwana uku?"

"To ita ma ai tana hutawa."

Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar. Suka juyo suna kallona, wai ni zan raba musu. Na ce ban sani ba. Na ce in iska ce ban ga ta ba, in ciwo ne ba ya mini zafi a ko'ina. Wan ya ce ko asibiti ko malam, ɗaya dai sai an je, ko duka biyun.

Sai muka ji magana daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Ashe tana tsaye. Ba da ni ta yi ba, da wanta ta yi.

"Yaya, tambaye shi tun yaushe."

Na ce, "Tun rasuwar wana."

Ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin asabarin.

"Yaya, ce mashi da ya gaya mani tun farko, da ko zakarana ban sayar ba." Ta ja hanci. "Ce mashi na ji, kuma Allah ya ba shi lahiya. Amma ni ba ni komawa layin da ake tsoron abincina. Sai ya tsaya gaban mutanen nan ya gaya masu abin da ya gaya maku. Da bakinshi, ba aike ba."

Na manta da wan, na yi magana da asabarin kai tsaye. Na ce, "In ce masu mi? Ni kaina ban san sunan abin ba."

Ta ce, "Sai ka ce masu hakan."

Ƙafafun suka juya suka tafi.

A hanyar dawowa sau biyu na sa taubashina ya tsaya na yi amai. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, wannan ma ya dame ni. Mun wuce Birnin Kebbi sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Shekara guda kana wanga abu, ina ce maka Rumbu." Na ce ya duba hanya.

Na yi ta juya maganar. Mutanen nan da su nake sahu ɗaya a masallaci, su ke kawo mini injinansu, wasu har Malam suke ce mini saboda azumin ƙarya. Daga ranar da na faɗa, duk lomar da na kai baki sai an ƙirga, duk wanda ya gan ni a gindin itace ya san abin da nake yi. 'Ya'yana za su ji a bakin 'ya'yansu. Na nemi wata hanyar ban samu ba. Ita an ɗora mata abin da ba ta yi ba wata da watanni, ta zauna da shi a gidana tana canza miya.

Da asuba bayan an sallame, kafin kowa ya nemi takalminsa, na miƙe na ce 'yan ciyayya su dakata ina da magana. Suka tsaya a bakin masallaci su biyar, da wasu mutum uku da ba a kira ba amma suka ƙi tafiya. Na faɗa musu. Ban iya jera ta ba, na fara daga Kalgo na koma Masama na dawo kan wana. Na ce azumin ba na Allah ba ne. Na ce matata ba ta taɓa zuba mini komai ba sai gishiri da daddawa, kuma kowa ya shiga gida ya gaya wa iyalinsa haka yau, ba gobe ba.

Tela ya ce, "To wai ciwon mi ne?"

Na ce ban sani ba.

Taubashina ya ce, "Ni shaida ne. Jiya ya cinye tuwon mutum uku gaban surukinshi, har da ƙayar kifin."

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki da hula. Na bar shi ya yi. Dattijo bai yi dariya ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce su ma sun yi laifi da ba su tambaya ba, kuma yau shi zai fara gaya wa tasa tsohuwar.

Na shiga gida. Babbar 'yata tana dama koko. Na ce ta zuba mini rabin kofi, ta tsaya nan kada ta tafi sai na shanye, kuma ko na roƙe ta kada ta ƙara. Ta kalle ni kamar ba ta gane ba, amma ta tsaya. Na sha a tsaye. Na sauke jakar sifanu daga bayan babur don a sami wurin zama, na goge kujerar da hannun riga, na kama hanyar Kalgo.